Allahiyar Hawa na Biyar

"Wa ya gaya miki?" Inna Kulu ta tambaya, tana ci gaba da murza man zafi a gwiwarta.

Awadiyya, Bahaushiyar Sudan da ke maƙwabtaka da ita a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, ta ajiye kofin shayi. "Kowa ya sani, ya Hajja. 'Yan matan nan na Abbasiya, har da jikarki Ummi. Wai gunkiya gare su, Durmana, allahiyar dare da matafiya. Da lokacin dokar hana fita ya yi sai su kulle ƙofa su kewaye ta."

"Ban san wani mutum mai suna Kowa ba. Wa ya gaya miki?"

"Matar mai gyaran waya. Mijinta kuma daga bakin ɗalibin nan Badamasi ya ji."

Shekara talatin da ɗaya Inna ta yi tana koyarwa a Zariya kafin ciwon gwiwa ya kawo ta Alƙahira. Labarin ma ya riga ya isa gida. Da asuba ɗanta Jibrin ya kira, ya ce Ummi ta haɗa kayanta ta biyo jirgin Juma'a, karatun ya isa haka, alhali shekara ɗaya ta rage mata. Inna ta ce ya saurara mata zuwa magariba.

Ta sami Badamasi a shagon hoton takardu, inda ɗalibai ke kwafar darussa. Dogo ne, ɗalibin aƙida, ga alƙalami uku a aljihu. Ya rusuna ya gaishe ta, sannan ya zaro wani littafin rubutu mai koren bango. A nan shagon Ummi ta manta shi, ya ce, Allah ne ya nufa ya faɗo hannunsa.

Inna ta ɗora tabaranta ta karanta: "Ya Durmana mai tocila, haska mana hanya. Mun ɗauki ruwa, mun yi sallama da mutanen gida." Rubutun Ummi ne, babu shakka.

"Na yi bincike, Inna," in ji Badamasi. "Asalinta daga gumakan Fir'auna ne. Har na rubuta raddi, shafi goma sha biyu."

"Sannu da ƙoƙari. A wane littafi ka same ta?"

"Ai akwai alamomi masu ƙarfi."

"Mujalladi na nawa, shafi na nawa?"

Ya gyara hula.

"Malam, shekara huɗu ana koya maka kada ka karɓi magana sai ka san wa ya ji daga wa. To na biyo sarƙar tun daga Awadiyya, ta tsaya a kanka. Ka gan su da idonka?"

"Subhanallahi, Inna, ina ni ina shiga gidan mata?"

"Haka ne. Amma kiran ubanta bai gagare ka ba."

Ta jefa littafin a jaka. "Raddin kuma ka adana shi, kada ya yi ƙura."

Tasi ta kai ta Abbasiya bayan sun zagaye shingen sojoji biyu, direban yana ta ba ta haƙuri da "ma'alish, ya Hajja". Gidan babu na'urar hawa. Ta hau benen mataki-mataki, tana hutawa a kowane hawa, tana tuna likitan da ya ce kada ta kuskura.

Ummi ce ta buɗe ƙofa, idanunta a kumbure. Akwatinta na tsakiyar ɗaki, rabi cike. Abokiyar zamanta Mahasin ta yi sauri ta kawo kujera da ruwa.

"Takwara," in ji Inna bayan ta mai da numfashi, "na zo gaishe da allahiya. A fito min da ita."

Ummi ta jawo kwalin takalmi daga ƙarƙashin gado. Ta shimfiɗa tsohuwar kalanda a juye, an zana mata hamada da rijiyoyi da garuruwa, da hanya mai gidaje-gidaje kamar ta lido. Ga murafan kwalba huɗu, ga ɗan lido, ga katuna da aka yanka daga kwalin shayi.

"Wasa ne, Inna. Tun da aka sa dokar nan ba fita, ga wuta na ɗaukewa, mun gaji da kallon juna. Murafan su ne matafiya. A ƙasar wasan akwai mai kula da rana, akwai mai kula da rijiyoyi. Durmana ita ke da dare."

"Yalla, a gwada min."

Mahasin ta miƙa mata murfi. Inna ta jefa ɗan lido, ta ci huɗu, ta faɗa baƙin gida. Mahasin ta ɗauki kati ta karanta da babbar murya: "Durmana ta ce ka fita ba ka faɗi inda za ka ba. Koma baya gida uku."

"Daidai ne," in ji Inna. "Ni ma abin da zan ce ke nan."

Ta sake jefawa. "Durmana ta ce ka taho da takalmi sabo a doguwar tafiya. Zauna zagaye ɗaya ƙafarka ta warke."

Inna ta dubi jikarta ta saman tabarau. Ummi ta sunkuyar da kai.

Kati na uku Inna da kanta ta ɗauka. "Ka shigo zango da labari. Durmana ta ce, wa ya gaya maka? In ba ka kawo suna ba, ka kwana a waje."

Inna ta miƙa hannu. "Hoton Durmana."

Ummi ta ba ta katin ƙarshe da kyar. An zana tsohuwa gajeriya, tabarau rataye da zare a wuya, sanda a dama, tocila a hagu, gwiwa ɗaya ɗaure da bandeji. Har gibin haƙorin gaba ba a manta ba.

Inna ta daɗe tana kallo. "Hancin ya yi yawa," ta ce.

Mahasin ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na girgiza.

Inna ta fito da koren littafin, ta yage shafin roƙon, ta linke shi. "Wannan kam ya fita. Ba a wasa da roƙo, ko a kalanda. Sauran ku ci gaba. Ke kuma zazzage akwatin nan, ki ba ni waya."

Jibrin ya ɗauka a bugu na farko. "Inna, kin gani? Da gaske ne?"

"Baban Ummi, na hau bene biyar na gani da idona. Babu wanda ake bauta wa a gidan nan. Wasan kwali ne da murafan kwalba. Ummi ba ta zuwa ko'ina sai ta gama karatunta."

"To ita allahiyar fa?"

"Ni ce."