Ranar da Injin Kalilu Ya Huce

Da wata ƙungiya ta kafa injin a ƙauyensu, gabas da Bafarawa, Kalilu aka damƙa wa shi, don shi ne ya yi karatun lantarki a Sakkwato. Injin ba ya ƙara, ba ya shan fetur. Iskar gas da ke tashi daga ramin kashin shanu yake ci, ta ratsa wasu siraran faya-fayai masu kama da gasasshen yumɓu, su ba da wutar da ke jan ruwan burtsatse. An gargaɗe shi da abu biyu: cikin injin ya zauna da zafi kamar maƙera, kuma kada a ja wutar da ta fi ƙarfin gas ɗin da yake samu.

Damina ɗaya aka ci moriyarsa, sai fari ya zo, ya kuma maimaita. Gero ya ƙone kafin ya fid da kai. Fulani suka kora shanunsu kudu, na cikin gari kuwa suka koma ƙashi da fata. Gas ya ragu. Rijiyoyi suka ƙafe, ƙauyukan kewaye suka dawo kan famfon da jakuna da jarkoki.

Kalilu ya sami Maigari Labbo a zaurensa, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, a bar famfo shi yi aiki da safe kaɗai. In munka matsa mai, abin ciki na fashewa, kuma babu mai gyara nai kusa."

Maigari ya nuna layin mata da sandarsa. "Wa za ni ce ma ta koma gida da jarka wayam? Injin za a ji ma tausai ko mutane?"

Kalilu ya tashi ya fita. Ya ɗauki baro yana bi gida-gida neman kashin jakuna da na awaki, amma mata da shi suke girki, don itace ya yi wuya. Abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Kullum yana tsaye yana kallon allurar awon gas tana sauka, famfo kuwa bai huta ba.

Wata la'asar ya ji ƙas daga cikin injin, kamar tukunya ta tsage a wuta. Ruwa ya tsaya, jarkar wata mata ko rabi ba ta yi ba.

Ya kira ƙungiyar, aka ce wa'adin aikinsu ya ƙare. Kafin ranar kasuwa magana ta bazu cewa ya kwance kayan injin ya sayar a Nijar. Maigari ya ji, bai wanke shi ba.

Kalilu ya koma Sabon Birni yana kabu-kabu da mashin ɗin wani. Rumfar injin, Maigari ya sa aka riƙa ɗaure masa awaki a ciki, saboda tana da inuwa.