Mihirabin Hajiya Yalwa

Alhaji Sharfaddini ya shekara goma sha wani abu yana zirya tsakanin Kano da Guangzhou, amma Sinancin da ya iya bai wuce gaisuwa da godiya ba. Sauran cinikin da "sem-sem" yake yinsa, wato a yi masa irin abin da ya nuna sak. Sinawa sun sha ƙona shi, ya nuna shuɗi a kawo masa kore, don haka in zai faɗi kalmar har teburi yake bugawa.

Haka ya buga teburi ranar da ya kai hoton da Hajiya ta ba shi wata masana'antar kayan adon gini da ke bayan unguwar Baiyun. Hajiya Yalwa, mahaifiyarsa, masallaci take ginawa a filin da mijinta ya bar mata. An yi rufi, an shimfiɗa tayil, saura mihirabi, wurin tsayuwar liman. Wata ƙawarta ce ta turo mata hoton a waya, wai wani masallaci ne a Turkiyya: lungu mai zurfi, samansa kamar buɗaɗɗen mafici, ginshiƙai biyu a murɗe, ga furanni na ruwan zinare ko'ina. Hoton ya sha yawo daga waya zuwa waya har ya yi dishi-dishi. Hajiya ta ce ita shi take so, kuma sai shi.

Ba wanda ya musa mata, saboda abin da likita ya faɗa wa Sharfaddini da ƙanwarsa Saffana a bayan ƙofa. Ciwon ya ci jiki, zancen watanni ake yi. Suka haɗa baki a kan kada ta sani. Tun daga ranar, burinsa ɗaya ne a duniya, ta ga an tayar da salla a masallacin nan da idonta.

Masana'antar ta turo masa zane ya duba kafin a zuba mihirabin a mazubi, bai buɗe ba. Me zai duba? Ya riga ya ce sem-sem.

Ranar karɓar kaya ya ɗauki Mahamadou, wani ɗan Maraɗi da ke yi wa 'yan kasuwa tafinta, suka hau tasi daga unguwar Sanyuanli. Gobe za a loda kwantena, in aka dace kayan su isa Kano kafin azumi. Mai zanen masana'antar, wata siririyar mata mai tabarau, ta tarbe su tana murmushi har kunne. Ta kai su ƙarshen wata rumfa, ta sa aka yaye tamfol.

Sharfaddini ya fara da "Masha Allah", bai kai ƙarshenta ba.

Abin ya yi kyau, wannan ba a musu. Ya fi mutum uku tsayi, zinare yana ɗaukar ido. Amma furannin nan da ke cikin hoton ba furanni ba ne. Kawunan jarirai ne, masu kumatu luhu-luhu, kowane da fukafukai a wuya, sun leƙo daga cikin ganye suna kallonsa. Ya bi su da ido, ko'ina su ne, har kan ginshiƙan. A tsakiyar lungun kuma, daidai inda liman zai tsaya, ga mutum-mutumin wata mata cikin lulluɓi, ta haɗe tafukan hannu ta ɗaga kai sama.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. "Mahamadou, mene ne wannan? Wace ce wannan mai hijabin?"

Mahamadou ya tambayi matar, ta amsa da sauri tana nuna allon kwamfutarta. Yana saurare fuskarsa tana canzawa.

"Alhaji, wanga ba hijabi ba ne hwa. Sista ce. Wanga abu duk daga egiliz aka kwaikwayo shi."

"Daga ina?"

"Coci, Alhaji. Cocin gidan sistoci."

Ya zauna a kan wani buhun siminti ba tare da ya duba ba. Shi Sharfaddini, ɗan Malam, jikan Malam, ya sa an sassaƙa gumaka da kuɗin sadakar uwarsa don a kafa a alƙibla! Ya ji kunya, ya ji tsoron Allah, ya kuma ji haushin da bai san wa zai sauke wa ba.

Ita kuwa mai zanen ta ɗauka daɗi ne ya kashe masa jiki. Ta ci gaba da bayani, Mahamadou yana juyawa da murya ƙasa-ƙasa. Hoton da aka ba ta bai fita ba, kuma laban, wato maigida Alhaji, ya ce sem-sem har yana buga teburi, shi ne ta bi diddigi har ta samo asalin ginin a can Turai. An ɗauki hoton ne lokacin da aka fitar da mutum-mutumin don gyara. Ita ta mayar da shi gurbinsa, kyauta, ba ta ƙara masa ko sisi ba.

Tana son ginin, kowa ya ji muryarta ya sani. Barok ake ce wa salon, in ji ta, maginansa ba sa ƙaunar miƙaƙƙen layi, komai sai ya lanƙwasa ko ya murɗe. Cikin cocin ba mai kusurwa huɗu ba ne, siffar ƙwai gare shi. An ɓoye taga a can sama don haske ya sauko kan lungun ba a ga ta inda ya shigo ba. Akwai baranda mai ragar ƙarfe, a bayanta sistocin ke tsayawa su yi ibada ba mai ganinsu. Wata mata ce da mijinta ya mutu ta fara ginin, shekara ɗari uku da suka wuce, ta sayar da gonakinta. Na farko na katako ne, gobara ta cinye. Aka sake da dutse, kuɗi ya ƙare, aiki ya tsaya, aka dawo, ƙubba ta tsage.

"Ka ce mata ta yi shiru," in ji Sharfaddini. "Ka tambaye ta, za a iya kankare su yau?"

Ta girgiza kai. "Meyo." Babu hali. Zubi ɗaya aka yi, fuskokin a jikin ginshiƙan suke, in an fasa su ginshiƙin ya tafi. Sabon aiki kuwa sai an sake sassaƙa mazubi, wata uku ko fiye, sannan tafiyar ruwa.

Wata uku. Yana lissafin da ba ya so ya yi sai wayarsa ta yi ƙara. Saffana ce, kiran bidiyo, gari ya waye a Kano. Yana ɗagawa ya ga Hajiya a jingine da filo, ta ƙara ramewa.

"An gama? Juyo min da shi in gani."

Ya so ya ce ba sabis. Ya so ya nuna mata maficin sama kaɗai. Amma bai taɓa iya yi mata ƙarya tana kallonsa ba, sai dai guda ɗaya, ta zancen likita. Ya juya wayar.

Hajiya ta ƙura wa abin ido. Sannan ya ji salatinta, ya ji Saffana tana cewa "Yaya, me ke nan?" Ya faɗa musu duka, har da labarin matar da ta sayar da gonakinta. Ya jira faɗa.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ita matar da ta fara, ta ga ƙarshensa?"

Mahamadou ya tambaya. Mai zanen ta ce a'a, ta rasu ba a yi rufi ba, a ƙarƙashin daɓen aka binne ta.

"Allah sarki," in ji Hajiya. Ta gyara kwanciya da ƙyar. "To ka ji. Ka bar musu kayansu. Saffana za ta kira Maidaji magini yau, ya shafe lungun da siminti, ya yi farin fenti. Juma'a mai zuwa a yi salla."

"Hajiya, ki yi haƙuri, wata uku ne kawai. Zan tsaya a kansu da kaina, wanda kike so za a yi miki."

Ta dube shi ta cikin wayar, irin kallon da take yi masa tun yana yaro.

"Wata uku," ta ce. "Kai da ƙanwarka kun ɗauka ƙofar likitan nan tana rufuwa da kyau? Na ji duk abin da ya gaya muku. Ka taho gida."