Mariƙin Itacen Zaitun

Ƙaramar bindigar tana yawo daga hannu zuwa hannu a kan darduma. Duk wanda ya karɓa sai ya juya ta a hasken rana, ya shafa mariƙinta da babban yatsa, ya ce, "Masha Allah." Salissou yana tsugune a gefe yana zuba gahawa a ƙananan kofuna. Kansa a sunkuye yake, amma kunnensa bai bar kalma ɗaya ta wuce shi ba. Mako shida ya yi yana sassaƙa wannan mariƙi daga guntun itacen zaitun, ya zana masa 'yan ganyaye irin waɗanda mahaifinsa yake yi a bakin akushi can garinsu Tasawa, a Nijar.

"Abu Nawwaf, daga Italiya ka sa aka kawo maka wannan?" in ji ɗaya daga cikin baƙin.

Mai gidan ya ƙyalƙyale da dariya, ya nuna Salissou da carbinsa. "Ga Italiyar nan tana zuba muku gahawa."

Aka yi dariya. Shi ma Salissou ya murmusa, wani daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana aiki a gidan Abu Nawwaf da ke unguwar Al-Badi'a a birnin Riyad. A matsayin direba aka ɗauko shi, matarsa Balkissa kuma tana girki da guga. Abu Nawwaf, wanda Salissou yake kira Ammi, wato baffana da Larabci, ɗan kwangila ne da ba shi da abin so a duniya kamar bindiga. Ɗaki guda ya ware musu, da kabad na gilashi: dogayen bindigogin farauta a jere, ƙananan kuma kwance a kan ƙyalle kore, kowace da takardarta. Wata rana gindin wata tsohuwa a cikinsu ya tsage, Salissou ya nemi izini ya gyara. Tun daga ranar mabuɗin ɗakin ya koma aljihunsa. Wannan yardar ce ta ba shi bakin roƙo, har aka yi wa ƙanensa Ousmane biza shekara biyu da suka wuce, ya zo yana kula da lambun gidan.

Yau Juma'a ce, bayan la'asar, suna cikin jan yashi a arewacin Riyad, inda mai gidan ya saba fitowa da abokansa lokacin sanyi su yi harbin gwaji. Can nesa, kamar taku talatin, Ousmane yana jera gwangwanaye a kan wani katako.

Bandar ne ya karɓi bindigar a ƙarshe, saurayin da zai auri 'yar Abu Nawwaf nan da wata biyu. Ya zura mata harsasai, ya miƙa wa abokinsa waya ya ce ya ɗauke shi bidiyo.

"Bari mutumin can ya matsa tukuna," wani dattijo ya ce.

"Ai na ƙarshen can zan harba, ya yi nisa da shi."

Iska ta kayar da gwangwanin ƙarshen. Ousmane ya yi taku biyu, ya duƙa don ya ɗauka. Ƙarar harbin ba ta ma yi ƙarfi ba a wannan fili. Salissou ya ga ƙanensa ya durƙusa a hankali kamar mai shirin sujada, sannan ya kife.

* * *

Salissou ne ya ja motar. Ousmane yana kwance a kujerar baya an toshe masa baya da rawani, yana nishi yana cewa bai ji ƙafafunsa ba. Abu Nawwaf yana gaba, carbinsa a hannu. Sai da suka hau kwalta, gine-ginen gari suka fara bayyana, sannan ya yi magana da Larabci ƙasa-ƙasa.

"Salis, ka saurare ni. Bandar ba shi da lasisi. Idan sunansa ya fito, aikinsa ya tafi, auren ya tafi, ni ma za a kwashe duk abin da ke ɗakin nan."

Salissou ya wuce wata babbar mota ta dama.

"Kai ne kake goge bindigogi, kowa ya sani. Kana gogewa ta tashi a hannunka. Tsautsayi ne tsakanin wa da ƙane. Shi zai sa hannu ya yafe, lauyana zai yi sauran. Kwana kaɗan za ka yi."

"Ammi, ɗan'uwana ne. Uwarmu ɗaya."

"Shi ya sa zai yafe maka. Ni zan ɗauki nauyin asibitinsa har ya warke." Ya juyo ya dube shi. "Kuma ka tuna da Hajar."

Hajar ita ce 'yar Salissou tilo, shekararta tara. A Riyad aka haife ta, da ciwon sikila. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, da katin asibitin da ake ƙara mata jini duk a ƙarƙashin sunan Abu Nawwaf suke, shi ya yi ta shiga da fita har suka samu. Salissou ya san abin da sikila take yi wa yara a garinsu. Ya binne 'yar yayarsa da hannunsa.

Da jami'in ɗan sanda ya zo asibiti da littafinsa, ya tambaya cikin natsuwa ko a hannun wa bindigar take, Salissou ya dubi tafukansa da jinin ƙanensa ya bushe a kai.

"A hannuna take," ya ce.

* * *

Kwana ashirin da uku ya yi a tsare. Ranar da aka sake shi ya iso gida da azahar, ya tarar da Balkissa a ɗan ɗakinsu na bayan gida tana ninke kayan guga. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta kawo masa ruwa, ta rufe ƙofa.

"Baban Hajar, ni dai na san ba kai ba ne. Mai wankin motoci ya ji direban Bandar yana faɗa."

"To ki bar shi a cikinki."

"A cikina? Ka san abin da ake cewa a Tasawa? Wai ka ɗauko yaro daga gaban uwarsa ka kai shi ƙasar mutane ka karya shi. Wasu ma cewa suke da gangan ne, wai don gonar Baba. Sahadatou ta haihu kana ciki, namiji. An raɗa suna ba a ko ambace ka ba."

Sahadatou matar Ousmane ce. Da cikin wata biyu ya bar ta lokacin da ya je hutu.

"Inna fa?" Salissou ya tambaya.

Balkissa ta kawar da kai. "Na kira ta sau huɗu. Da ta ji muryata sai ta miƙa wa yara wayar."

Ya zauna a bakin katifa. Ta taga yana jiyo Hajar a tsakar gida tana rera wata waƙar makaranta da Larabci, harshen da ya fi zama a bakinta fiye da Hausa.

"Jiya aka ƙara mata jini," in ji Balkissa, muryarta ta sauka. "Ba su tsayar da mu a ƙofa ba. Ina zaune ina kallon jinin yana shiga hannunta, wallahi na kasa gode wa kowa."

* * *

Harsashin ya taɓa lakar baya. Likitoci sun yi aiki sau biyu, daga nan suka daina cewa "in ya tashi", suka koma cewa "in ya saba". Salissou ya yi kwana biyu yana kewaya asibitin kafin ya iya shiga.

Ousmane ya rame, gemu ya cika masa fuska. Mutumin da yake ɗaukar buhun taki a kafaɗa ɗaya yanzu sai an juya shi. Salissou ya durƙusa a gefen gadon ya kama ƙarfen.

"Ousmane, ka yafe mini."

"Na sa hannu ai, Yaya. Lauya ya kawo takarda, na dangwala."

"Ba takarda nake nufi ba."

Ousmane ya daɗe yana kallon silin. Wani ɗan Bangaladash da ke gadon kusa yana ta tari.

"Kafin in duƙa na waiwayo," ya ce. "Butar gahawa ce a hannunka. Na kuma ga wanda ya ɗaga hannu."

Salissou ya ɗago kai. "Ka sani? To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Da na farfaɗo an riga an rubuta. Aka ce wanka ya amsa da bakinsa. In ce musu me? In ce ƙarya kake, su ƙara maka laifi a kan laifi?" Ya juyo da kansa, idanunsa a bushe. "Na san don Hajar ne. Da ni ne, wataƙila haka zan yi. Amma kada ka ce in ce maka ba komai, Yaya. Akwai komai. Shi yana can ana ɗinka masa kayan angonci. Ko leƙowa bai yi ba. Dabino ya aiko da shi a kwali."

"Zan gaya wa Inna gaskiya. Yau zan kira."

"Kada ka soma. Ka san Inna. Kafin magariba duk Tasawa ta ji, kafin sati ya zagayo magana ta dawo nan ta bakin 'yan garinmu. Sai a kore ku ku uku. Wa zai riƙe gidan? Ni?" Ya ɗaga bargon kaɗan ya sake shi a kan ƙafafunsa. "Ka bar ta ta yi fushi da kai. Fushinta ba ya hana ta cin abin da kake aikawa."

Wata ma'aikaciyar jinya ta shigo ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Salissou ya miƙe. Har ya kai ƙofa Ousmane ya kira shi.

"Sun dawo masa da ita?"

"Wa?"

"Bindigar."

Salissou ya gyaɗa kai. Tun shekaranjiya aka mayar da ita kabad. Shi da kansa Abu Nawwaf ya sa ya goge ta da mai, saboda ƙura ta shiga tsakanin ganyayen.

* * *

Abu Nawwaf ya cika rabin alkawarinsa. Ya biya asibiti har wata biyu, ya sayi keken guragu mai kyau, sannan ya ce iƙamar mai lambu ba ta zama a kan mutumin da ba ya lambu. Aka buga wa Ousmane bizar fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa. Ranar tafiyar ta faɗo daidai da ranar ɗaurin auren Bandar.

Da hantsi Salissou ya kai shi filin jirgi. Ya ɗauke shi cak daga mota ya ɗora a keke, ya ji yadda ya yi sakayau kamar ba namiji ɗan shekara ashirin da takwas ba. Wani ɗan Damagaram mai suna Mamane, da zai koma gida a jirgi ɗaya, ya yarda zai kula da shi har Yamai.

A bakin inda ba a barin mai rakiya ya wuce, Ousmane ya sa aka tsaya. Ya ciro wata leda daga ƙarƙashin keken ya miƙa wa wansa.

"Sababbin takalman aikina ne. Sau uku kawai na sa su. Kada a kai su gida, Sahadatou ta riƙa ganinsu."

"Ousmane..."

"Ka gaida Yaya Balkissa. Ka ce wa Hajar ta riƙa shan ruwa da yawa." Ya dubi Mamane. "Mu je, malam."

Salissou ya tsaya yana kallon bayan keken har ya shige cikin jama'a. Ousmane bai waiwayo ba.

A wurin ajiye motoci wayarsa ta yi ƙara. Abu Nawwaf ne, muryarsa cike da hayaniyar biki.

"Salis, ya tashi? Alhamdu lillah, Allah ya ba shi lafiya. Yalla, ka biya ka ɗauko furanni, daga nan ka wuce wurin masu raguna. Kuma ka sa wani abin kirki a ƙafarka, kada ka shigo mini cikin baƙi da silifa."

"To, Ammi."

Ya zauna a kujerar direba, ƙofa a buɗe, ƙafafunsa a waje. Ya buɗe ledar. Baƙaƙen takalma ne masu kauri, da sauran busasshiyar ƙasar lambu a ƙarƙashinsu. Ya cire silifansa, ya zura ƙafar dama, sannan ta hagu. Sun yi masa daidai. Ya sunkuya ya ɗaure igiyoyin, ya ja ƙofar ya tayar da mota.