Kyamara Mai Ido Biyu a Rugar Kebbe

Tun da Malam Attahiru ya karye a ƙugu aka ɗauko shi daga rugarsa ta Kebbe zuwa gidan 'yarsa a Tambuwal, bai sake sa shanunsa a ido ba. Ɗansa Siddiƙ ne ya ci gaba da kiwon, yana turo hotunansu ta waya. Tsohon zai duba, ya taɓe baki, ya mayar da wayar.

"Waɗanga ba shanuna ba na," yake cewa. "Ba tozo, ba ciki, duk sun shafe."

Maganar nan tana sosa wa jikarsa Bashira rai, domin ɗaukar hoto sana'arta ce, ita ake kira gidajen biki da suna. A wajen mahaifinta marigayi ta gaji sana'ar, kuma cikin kayan da ya bari akwai wata tsohuwar kyamarar fim mai nauyi, mai idanu biyu jere kamar na mutum. Kowane ido hotonsa yake ɗauka. In aka sa hotunan biyu a wani ɗan akwati mai gilashi biyu aka leƙa, sai su haɗe su zama ɗaya, na kusa ya matso, na nesa ya ja baya.

Wani abokin sana'arta, Gazali, ya aiko mata da fim daga Legas, ya ce in ta ɗauka ta mayar masa ya wanke. Gwajin farko da ta yi a tsakar gida bai yi kyau ba. Wasu hotunan sun yi duhu, wasu kuwa in ta leƙa sai kanta ya sara. Da ta bi abin a hankali ta gano laifin: tana karkata kyamarar. Ashe ɗan ɗigon ruwan da ke yawo a ƙarƙashin tagar leƙawa ba ado ba ne, sai ya tsaya a tsakiya ake dannawa.

Da damina ta yi tsaka, ta ɗaure kyamarar a zane ta hau babur zuwa Kebbe. Hanyar duk laka, wani wurin sai ta sauka ta taka da ƙafa.

Kawu Siddiƙ ya juya kyamarar yana dariya. "Ke Bashira, wanga ƙarfe kika sha wahala dominai?"

"Kawu, ka dai jawo mini Woɗe kusa, ka bar sauran baya."

Woɗe ita ce jar saniyar da tsohon ya fi so, kuma ba ta san tsayuwa ba. Sai da Siddiƙ ya kawo kanwa a ƙwarya ta tsaya lasa. Bashira ta murɗa zoben nisa har ƙahonin suka fito tas. Rana ta yi ƙarfi, don haka ta tsuke ƙofar haske, ta sa saurin ɗauka yadda kaɗa jela ba zai ɓata hoton ba. Ta ja ɗan hannun da ke ɗana kyamarar, ta riƙe numfashi har ɗigon ruwan ya zauna daidai. Woɗe ta ɗago kai, ita kuwa ta danna. Ta murɗa fim ta sake, har ya ƙare.

An daɗe ana jira kafin saƙon Gazali ya iso tashar mota. Ba ta ko tsaya shagonta ba. A ƙofar gida ta zura hoton farko a akwatin ta leƙa, sai ta shige ciki da sauri don murna.

Ta iske kakan nata kwance a tabarma da hantsi.

"Maigidana, tashi ga tsaraba."

"Mi kika kawo mini kuma, amarya?"

Ta ɗora masa akwatin a ido, ta juya shi ya fuskanci haske. Tsohon ya ƙura ido a ciki. Can sai ya miƙa hannu gabansa yana lalube a iska.

"Woɗe," ya ce a hankali. Sai murya ta buɗe. "Woɗe ta! Ga ƙahonta nan zai soke ni! Ga ɗan maraƙinta can bayanta, ga bijimina gindin kirya. Ke, wagga saniya ciki gare ta, Siddiƙ bai faɗa mini ba!"

Uwar Bashira ta fito daga madafa da muciya a hannu, domin rabonta da jin dariyar mahaifinta tun yana Kebbe.

"Miƙo mini sandata," in ji shi.

"Baba, ina za ka?" in ji 'yar tasa.

"Zaure. Tsofaffin nan sun ɗauka ƙarya nika yi in na ba su labarin shanuna."

Ya dafa kafaɗar Bashira ya miƙe, ya taka da kansa har zaure, akwatin rungume a ƙirjinsa. Kafin azahar mutanen unguwa sun cika ƙofar gidan, kowa na jiran a miƙo masa ya leƙa, Malam Attahiru yana zaune a tsakiya yana kiran sunayen shanun ɗaya bayan ɗaya. Bashira na tsaye gefe tana canza hotunan, wani dattijo yana tambayarta yaushe za ta je ta ɗauko masa gonarsa ta Jabo.