Ayar Aleida

A ƙauyenmu ba a rasa mutanen kirki, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da miyagu ne suka yi wa 'yata abin da aka yi mata, da na san ƙofar da zan je in buga. To ƙofar wa zan buga, alhali majami'a guda ce ta taru ta aikata, kowa da kyakkyawar niyyarsa da alewar minti a aljihu?

Al'ada ce a makarantarmu tun kafin a haife ni. Alhamis ɗin ƙarshe kafin hutun Kirsimeti, ana tsallaka titi da yara zuwa majami'a, 'yan ajin ƙarshe su jeru a gaban mumbari su kawo labarin haihuwar Almasihu da ka, kowa aya ɗaya, wannan ya sauke wancan ya ɗauka. Ni na yi, mijina Evert ya yi, shugaban makarantar ma, Malam Van Ginkel, ya yi tun yana sa gajeren wando. Ba tsohuwar da za ka tayar daga barci a garin nan ta kasa zubo maka labarin daga farko har ƙarshe. Shi ya sa in yara suna yi za ka ga leɓunan manya suna ta motsi kamar na zomaye a akurki.

Bana 'yata Aleida ta kai ajin ƙarshe, ita kuma tana da i'ina. Ba ƙarama ba. Kalma kan maƙale mata a maƙogwaro har jijiyar wuyanta ta tashi. Mun daɗe muna kai ta garin Ede wurin wata mata da ke koya wa masu i'ina dabarun magana, kuma abin da ta koya mata ba boyayye ba ne: in kalma ta maƙale kada ta yi kokawa da ita, ta rufe baki, ta saki numfashi, ta jira ƙirjinta ya kwanta, sannan ta fara a hankali. Dabarar tana aiki, sai dai tana buƙatar shiru, kuma shirun yakan yi wa mai sauraro tsawo. Saboda haka doka ɗaya muka kafa a gidanmu, wadda har ƙannenta sun haddace: ba mai ƙarasa wa Aleida magana. Evert ne ya fi shan wuya kafin ya iya, don shi mutum ne da ba ya iya ganin wani da kaya bai karɓa ba.

Ayar makiyaya ce ta faɗo mata, inda tsoro ya kama su a filin kiwo. Tun ganye bai gama zuba daga bishiyoyi ba ta fara bita. Ta faɗa wa shanu a wurin tatsa, ta faɗa a kan keke iska na dukan fuskarta, ta faɗa a banɗaki har ƙaninta ya riƙa buga ƙofa. Ban taɓa ganin ta so wani abu kamar yadda ta so ta tsaya a layin nan ta faɗi ayarta da bakinta ba.

Ranar da tsaron yara lokacin abincin rana a makaranta, wanda iyaye ke yi bi da bi, ya zagayo kaina, ina goge tebur, sai ga Malam Van Ginkel yana murza hannu.

"Uwargida Hazeleger, ko za ki ɗan leƙo ofis? Akwai kofi."

A makarantar nan in aka ce maka akwai kofi, to akwai abin da ake so ka haɗiye da shi. Na shiga na tarar da Malam Teunis, malamin ajin su Aleida, a tsaye a bakin ƙofa yana kallon takalminsa.

"Aleida yarinya ce mai hankali ƙwarai," in ji shugaban. "Shi ya sa muka yi tunanin mu ba ta aiki na musamman ranar bikin. Ita za ta raba lemo."

"Lemo."

"Da littattafan kyauta. Aiki ne na amana."

"Amana a rabon lemo, Malam? Tsoro kuke kada wani ya gudu da kwandon?"

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Gaskiyar ita ce Dattijo Brandsen na majami'a ya nuna damuwa. Ya ce Kalmar Allah ce, bai dace a ji ta gutsure-gutsure a gaban jama'a ba. Kuma ita kanta yarinyar muke tausaya wa."

"Dattijo Brandsen wanda in ya fara addu'a kafin abinci sai miya ta huce ta yi fata? Shekara da shekaru muna jiransa ya kai amin, ban taɓa jin an ce a ba shi lemo ya raba ba."

"Uwargida, a yi a hankali."

"A hankali nake. Kun tambaye ta?"

"Ba mu so mu ɗora mata nauyi ba."

"Nauyin ta riga ta ɗauka, ku kuna zaune a nan kuna shan kofi. Ku kira ta yanzu ku gaya mata a gabana cewa bakinta bai isa ya ɗauki Kalmar Allah ba. In kun iya faɗa mata ido da ido, ni da kaina zan sayo lemon."

Sai a lokacin Malam Teunis ya tuna yana da harshe. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ai makon jiya ta kawo ayar a aji tsaf, tsayawa ɗaya kawai ta yi. Shugaban ya dube shi, ya dube ni, ya ga ba zan sha kofin ba kuma ba zan tashi ba. Ya ce to, shi ke nan, ta tsaya a layi, shi zai san yadda zai yi da Dattijo.

Na ce saura abu ɗaya. Kafin a fara, ya gaya wa jama'a in ta tsaya a jira ta.

"Haba, Uwargida, mutanenmu ne fa. Mutanen da ke zaman wa'azi har ƙafa ta mutu, su za a koya wa haƙuri? In ma na faɗa, ai na nuna ta da yatsa ke nan tun kafin ta buɗe baki."

Ya faɗi haka yana riƙe min ƙofa, ni kuma ga ƙananan yara suna jirana da robobin abincinsu.

Ranar Alhamis da la'asar majami'a ta cika maƙil. Mata da hulunansu, maza da baƙaƙen kwat, warin rigunan sanyi da ruwan sama ya jiƙa ya cika wurin. Muka samu benci a tsakiya, ni da Evert da ƙananan. Bayanmu Gwaggo Jacomijn ce, tsohuwar da ta koyar da rabin garin a ajin farko, wadda duk Kirsimeti take saƙa wa yaran maƙwabta safar hannu. Aka rera zabura, aka yi addu'a, yaran suka jeru. Aleida tana can wajen tsakiyar layi cikin siket ɗinta shuɗi, kitsonta biyu a kafaɗa, hannuwa a baya kamar yadda aka koya musu.

Yaro na farko ya zubo tasa kamar ana korarsa. Ta biyu ta yi tata da muryar sauro. Aya tana bin aya har aka iso kan 'yata. Ta buɗe baki, kalmar farko ta maƙale.

Na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Sai kuma na ga ta rufe baki, kafaɗunta sun sauka, tana sakin numfashi a hankali. Daidai yadda aka koya mata, ba ta kuskure ko ɗaya ba. A gaban gari guda, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta tsaya ba ta firgita ba, tana jiran ƙirjinta ya kwanta. Alfahari ya cika ni har na ji kamar in miƙe tsaye.

Wani benci ya yi ƙara. Wani ya yi tari. Sai na ji raɗa daga bayana, Gwaggo Jacomijn ta fara ayar a hankali, irin yadda take yi wa 'yan ajin farko in sun manta. Ta kusa da ita ta kama. Bencin gaba ya kama. Kafin in juya in harare ta, abin ya bazu ko'ina, maza da mata, murya ƙasa-ƙasa, a tare, ba mai gaba ba mai baya, don duk a makaranta ɗaya suka haddace ta. Ni kuwa idona yana kan bakin Aleida. Ya buɗe. Leɓunanta sun fara motsi, kalmar ta fito, na gan ta da idona, amma wa zai ji muryar yarinya ɗaya a ƙarƙashin majami'a guda? Ta ɗan bi su kaɗan, suka wuce ta, ta yi shiru. Suka kai ƙarshen ayar suka sauke mata ita a hankali kamar an ajiye ƙwai. Malam Van Ginkel ya gyaɗa wa yaro na gaba kai, yaron ya ɗauka.

Na waiga wajen Evert don in ga ko ya ga abin da na gani, sai na tarar bakinsa bai gama rufuwa ba. Da shi aka yi.

Bayan an tashi aka koma zauren makaranta shan madarar cakulan mai zafi, yara na karɓar lemo da littafi. Nan ne aka ƙarasa ni. Wannan ta riƙe min hannu ta ce ita har ta yi hawaye. Wancan ya ce bai taɓa jin ikilisiya ta zama jiki ɗaya kamar yau ba. Dattijo Brandsen da kansa ya tako ya ce min ya yi kuskure da ya nemi a cire ta, ashe Ubangiji yana da darasin da zai koya mana ta wurinta. Darasi. 'Yata ta kwashe watanni tana bita a gaban shanu don ta zama allon da za a koya wa Dattijo Brandsen darasi.

Sai ga shugaban da kofinsa, fuska sai sheƙi take. "Uwargida Hazeleger, ba na gaya miki ba? Mutanenmu ne. Kin ga yadda suka ɗauke ta?"

"Na gani. Ina suka kai ta?"

"Ban gane ba."

"Abu ɗaya na roƙe ka, Malam. Ban ce a taimake ta ba, ban ce a tausaya mata ba. Cewa na yi a jira. Kun jira makaɗin majami'a da ya ɓata shafi, kun jira Fasto ya nemo tabaransa, amma numfashi ɗaya na yarinya ya fi ƙarfinku."

Gwaggo Jacomijn ta matso tana dogara sanda. "Dirkje, 'yar nan, ai mantawa ta yi, ba a barin yaro a tsaye cikin kunya."

"Ba ta manta ba, Gwaggo. Ta fi duk wanda ke zauren nan sanin ayar. Ku ne ba ku iya jin shiru bakinku bai yi ƙaiƙayi ba."

Idon tsohuwar ya ciko, zauren ya yi tsit, aka shiga kallona kamar na mari jariri. Na san gobe abin da za a tattauna a shagon burodi shi ne bakin Dirkje Hazeleger, ba abin da aka yi wa 'yarta ba, kuma ko a jikina. Evert ya taɓa min gwiwar hannu, na fizge.

"Kai kam kada ka taɓa ni."

"Dirkje, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Kowa yana yi, sai kawai na ji ina yi."

"Su ba su san doka ba. Kai a teburinka aka kafa ta."

Ya tattara ƙananan ya nufi mota.

A rumfar kekuna na sami Aleida, ta saka lemonta da littafinta a kwandon keke, tana fama da makulli. Ba ta yi kuka ba, kuma na fi son a ce ta yi. Ni ma da keke na zo, muka tura kekunan muka fita ta ƙofar baya. Sai da muka wuce gidan mai gyaran takalma ta tsaya. Ta buɗe baki, ya maƙale, ta rufe, ta saki numfashi. Na jira.

"Ayar ta zo, Mama," ta ce. "Tana bakina."

"Na gani. Faɗa min yanzu. Ni kaɗai ce, ba inda za ni."

Ta girgiza kai. "An riga an faɗa."

Ta hau kekenta ta yi gaba, na bi ta a baya ina zagin gari guda a zuciyata, gida gida, da sunayensu.

Da aka koma makaranta bayan hutu, Litinin ta farko, lokacin da kowane yaro ke miƙewa ya kawo baitin zaburar da ya haddace, Aleida ta je wurin Malam Teunis tun kafin a shiga aji, ta roƙe shi daga yau ya riƙa tsallake ta. Shi ma mutumin kirki ne. Nan take ya yarda.