Ƙafar da Aka Naɗe

A filin ƙwallo Guduma ake ce mini, kuma ba don kyau aka sa mini sunan ba. Shekara goma sha uku ina tsaron baya, kulob huɗu na buga wa, na sa rigar ƙasata sau sittin da uku, duk inda na bi kuma na bar wa wata abin tunawa da ni. Akwai wadda na fasa wa gira da gwiwar hannu ina 'yar shekara sha takwas. Akwai wadda na zubar wa haƙora biyu a wasan ƙarshe na kofi, ta biyo ni har ɗakin sauya kaya da kujera a hannu. Ni ma ban fita lafiya ba. Sau biyu ana karya mini hanci, har yau a karkace yake. Ban taɓa ba kowa haƙuri ba, don aikin ke nan: ko ƙwallo ta wuce ni, ko mai ƙwallon, amma ba su biyun tare ba.

A kulob ɗina na huɗu, a wata ƙasa da ba tawa ba, aka haɗa ni gida ɗaya da Sauro. 'Yar gaba ce, ita ma baƙuwa daga wata ƙasar, shekararta ashirin da ɗaya, siririya, ga naci ga surutu a kunne. Ranar farko a atisaye ta zura mini ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, har da dariya. Na bi ta na kwashe ta, sai da ta ci ciyawa. Ta tashi tana tofarwa ta ce, "Yaya, haka ake gaisawa a gidanku?" Tun daga ranar na zama Yaya. Na nemi hanyar tsanar yarinyar nan na rasa.

Idon sawunta na hagu ya taɓa karyewa, akwai ƙarfe a ciki. Mu 'yan baya kuwa irin wannan muke farauta. Tun kafin a hura usur muke duba safar abokiyar hamayya, inda ta kumbura da bandeji nan za mu sa takalmi. Don haka na koya mata dabara. Ƙafar hagu mai ciwon, siririn filasta nake manna mata a ƙarƙashin safa, ba mai gani. Ta daman, lafiyayyar, ita nake naɗewa da farin bandeji mai kauri, har ya leƙo saman takalmi. Ni da hannuna nake yi mata kafin kowane wasa, diddigenta a kan gwiwata, tana ta zuba kamar rediyo. Shekara biyu 'yan baya na dukan lafiyayyar ƙafa. Ta faɗi, ta yi birgima uku tana ihu, alƙaliyar wasa ta ba da bugun tazara, Sauro ta miƙe ta ci. Ban da ni da likitan kulob ba wanda ya sani.

Sai ƙuri'a ta haɗa ƙasata da tata a wasan neman gurbin gasar duniya. Wadda ta sha kashi ta koma gida.

Ina da wata doka da ban taɓa karyawa ba. Daga ranar da na shiga sansanin ƙungiyar ƙasa nake kashe waya in cusa ta ƙasan jaka, sai an tashi wasa. Abokiyar hamayya kuma ko kallonta ba na yi. A filin jirgi da za mu rabu Sauro ta ce, "Har ni, Yaya?"

"Ke ce ma kan gaba," na ce.

Ranar wasan, da la'asar, muna jere a hanyar fita fili, na ji muryarta daga ɗaya layin. "Yaya! Yaya, ji mana." Na kafe idona a ƙeyar golarmu. Ta sake kira, kyaftin ɗinsu ta daka mata tsawa. Ƙafafunta kawai na saci kallo. Farin bandeji na nan a dama yadda na koya mata, har na ji daɗi a raina.

Rabin farko yarinyar nan ta yi mini cin mutunci a gaban mutum dubu arba'in. Na sa mata kafaɗa, ta sulle. Na ja rigarta har ta yage a hammata, ta bar ni riƙe da ƙyalle. A minti na talatin da takwas ta juya ni, na zauna daɓas a ƙasa, ta ɗaɗa ƙwallo a raga. Wasan duk ya koma dambe: an fasa wa 'yar tsakiyarmu leɓe, tasu ɗaya ta fita da ido a kumbure.

A hutun rabin lokaci Koci ya jefi bango da gorar ruwa, ya zo ya tsaya a kaina, yawunsa na fesa mini a fuska.

"Guduma ko cokali? Ba ki ga ƙafarta ta dama ba? Bandeji kamar kan jariri, makaho ma ya gani! Ko don ƙawarki ce?"

"Ba haka ba ne, Koci."

"Minti goma na ba ki. In tana tsaye bayan minti goma, ki cire rigar nan, kuma ba za ki sake ganin ta ba."

Shekarata talatin da ɗaya, gasar duniya kuwa ban taɓa zuwa ba. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma ina ɗaure igiyar takalmi sai wayo ya zo mini. Ta dama ya ce, ai lafiyayyar ce. In buge ta da ƙarfi kowa ya gani, ta yi birgimarta uku, a ba ni katin gargaɗi, hankalin Koci ya kwanta, mu koma gida mu yi ta dariya a kicin. Har murmushi na yi, ina jin kaina gwana.

Minti bakwai da komawa aka turo mata ƙwallo a gefen layi. Na taho da gudu tun daga nesa, na zube da dukan nauyina, na saita haƙoran takalmina daidai kan farin nan.

Ƙarar na fara ji, kamar an taka busasshen kara. Na ɗago ina jiran birgima. Ba ta yi birgima ba, ba ta yi ihu ba. Tana kwance inda ta faɗi, baki buɗe, tafin ƙafarta na kallon inda bai kamata ba, farin bandejin yana rinewa ja.

Kyaftin ɗinsu ta iso ta buga mini kai a baki, na ji haƙori ya motsa. Wata ta shaƙe ni ta baya, 'yan benci suka ɓarke cikin fili, aka kaure da naushi. Ni ko hannu ban ɗaga ba. Na rarrafa ta tsakanin ƙafafun mutane na kai ga Sauro, jini na zuba mini a haɓa, ina ta cewa, "Ai lafiyayyar ce! Ai lafiyayyar ce!" Ta dube ni kawai. Jan katin da aka ba ni ma ban gani ba, janye ni aka yi.

A ɗakin sauya kaya ni kaɗai ce, sai famfo da ke ɗiga. Na zazzage jaka na kunna wayar don in nemi likitan kulob. Saƙon murya ya shigo, nata, na kwana huɗu da suka wuce. Tana magana tana dariya.

"Yaya mai taurin kai, na san kin kashe wayar, amma ko Allah zai sa ki leƙa. Yau a atisaye na ji ciwo a ta daman. Likita ya ce ƙashin ya ɗan tsage, wai kada in buga. Na ce masa Yayata ce za ta tsare ni, ba abin da zai same ni. Bandejin na gaske ne wannan karon. Ki bugi duk inda kike so, ban da nan."

Mun ci wasan biyu da ɗaya. Koci ya shigo ya dafa kafaɗata ya ce haka yake so.

Washegari da safe na je asibiti. An yi mata aiki, an rataye ƙafar, likita ya riga ya gaya mata ta gama da ƙwallo. Na tsaya a bakin gado da kumburarren baki. Ta daɗe tana kallona.

"Kin ji saƙona?"

"Na ji."

"Kafin wasan, ko bayan?"

"Bayan."

"To ai shi ke nan," ta ce. "Da kafin ne, da na san yadda zan yi da ke."

Ta juya fuskarta bango. Gasar duniya na je, na buga wasa uku. Har yau ba ta sake ce mini Yaya ba.