Kwadon Ƙofar Masaƙa

Inna mai ɗinki ba ta ko ɗaga kai daga kekenta ba lokacin da ta faɗi maganar.

"Ki cire ni daga littafin nan, 'yata. Da sunana, da abin da na ce, duka."

Marubuciyar ta daskare a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙasa. Da murna ta zo, da gwajin bugu a jakarta, don ta nuna wa tsohuwar shafin da sunanta ya fito. Littafi ne a kan gobarar da ta cinye masaƙar garin tun tana 'yar firamare, gobarar da yayanta ya rasu a ciki. Shekaru ta kwashe tana bin waɗanda suka tsira gida gida. Kowa ya ba ta labarin hayaƙi da ihu, da ƙofar baya da aka tarar a garƙame. Amma mace ɗaya tak ta ga hannun da ya danna kwadon, Inna, wadda a lokacin take sharar bayan masaƙar.

"Inna, jibi za a shiga bugu."

"To ai ba a shiga ba."

"Wani ne ya tsorata ki? Masu masaƙar ne?"

Inna ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta datse zare da haƙori. "Su da suka manta muna duniya? Leƙa tsakar gida."

Ta leƙa. Wani tsoho ne jingine da bango a kan tabarma, hannunsa ɗaya yashe a cinya kamar ba nasa ba. Wata matashiya tana ba shi abinci da cokali, jaririya kuma tana ta kokawar cire masa hula.

"Autata ce," in ji Inna. "Shi kuma surukinta ne, kakan 'yar nan. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye suka dawo nan da shi. Maigadin masaƙar da kika rubuta ke nan."

Marubuciyar ta zauna a kan buhun ƙyallaye ba tare da an ce ta zauna ba.

"Ranar da na ba ki labari ban san ɗansa za ta kawo min ba," Inna ta ci gaba. "Na so in kira ki, kunya ta hana ni. Da na ga kin daɗe shiru, na ce wannan littafi sai dai jikoki su karanta."

"Zan canja sunanki. Zan ce wata ma'aikaciya."

"Mata nawa ke shara a bayan masaƙa? Ko makaho zai gane ni. Mijin autata abin da ya sani shi ne ubansa ya fasa kwado da gatari ya fitar da mutane. Kuma gaskiya ne, ya fasa. Bai dai san shi ne ya kulle da safe ba, da manaja ya ce ma'aikata suna sulalewa."

"Inna, yayana a bayan ƙofar nan aka same shi." Marubuciyar ta durƙusa ta riƙe ƙafar da ke kan matakin keken. "Don Allah. Idan na cire ki, me ya rage? Kowa ya san wuta ta ci mutane. Abin da ba a sani ba ke kaɗai kika gani."

Inna ta dafa kanta, amma ba ta sauya ba. "Ke mamacinki kike nema wa haƙƙi. Ni masu rai ne a gidana."

Marubuciyar ta fita bakin titi ta kira editanta. Ya saurara har ta gama.

"Kina da muryarta a waya, ta kuma amince da bakinta," ya ce. "Doka tana bayanki. Idan kika cire ta, lauya ba zai bari mu ambaci mutumin ba, littafin ya koma tarin koke-koke. Ke za ki zaɓa, amma kafin a tashi aiki yau."

Ta koma ciki, ta wuce Inna, ta nufi tsakar gida. Tunda shaida ta janye, to shi ya faɗa da bakinsa. Ta tsuguna gaban tsohon, ta kunna wayarta don ɗaukar murya.

"Baba, ƙofar baya. Ranar gobara. Ka tuna?"

Ya dube ta da ido ɗaya mai ruwa. Leɓensa ya motsa, miyau ya zubo, ba kalma. Ta matsa ta sake tambaya, ta sake, har jaririyar ta fashe da kuka.

"Anti, ai ba ya magana," in ji autar, tana goge masa baki da gefen zane. "Kin san shi ne?"

"Yayana ya yi aiki a masaƙar."

Fuskar autar ta washe. "To kin san labarin gatarin! Dubi tafinsa, har yau da tabon ƙuna. Don Allah ki sa shi a littafinki, ɗansa zai ji daɗi."

Marubuciyar ta dubi tafin. Fatar ta tattare, ta yi fari. Ta kashe wayar.

A maɗaba'a ta zauna a lungu cikin warin tawada da ƙarar injuna, ta fara yanka babin. Sunan Inna ya fita, da tsintsiyarta, da inda ta tsaya. Sau biyu ta mayar da komai yadda yake, ta miƙe za ta miƙa, ta dawo ta zauna. A ƙarshe babin da ta fi wahala a kansa ya koma sakin layi guda. Inda a da ta rubuta wanda ya kulle da wanda ya ba da umarni, yanzu cewa ya yi, "Da safiyar ranar aka kulle ƙofar baya." Labarin gatarin ta bar shi, tunda mutane da yawa sun gani.

Editan ya karanta, ya cire tabarau. "Aka kulle. Wa?"

"Haka za a buga."

Da littafin ya fito, ta kai wa mahaifiyarta kwafin farko. Idanun tsohuwar sun yi rauni, don haka ta zauna gefen gado tana karanta mata da rana, taga a buɗe. Mahaifiyar ba ta yi kuka ba, ko a wurin sunan ɗanta. Sai da aka zo kan ƙofar ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ya kulle?"

Marubuciyar ta kafe shafin da ido.

"Ba a gano ba, Umma."

"Duk yawon nan da kika yi?"

"Duk."

Mahaifiyar ta shafa bangon littafin da yatsa. Can ta gyara zama.

"Kin yi ƙoƙari," ta ce. "Ci gaba."